Maganin Ƙwari Ko Gubar Zuriya?

Duk wanda ya zagaya fadamun madatsar ruwan Zobe a Dutsin-Ma, ko gonakin wake na ƙasar Kurfi, ba zai rasa ganin matashi goye da tankin feshi ba, babu safar hannu, babu takunkumi. Harshenmu ma ya taimaka wa wannan sakaci, domin abin da muke kira “magani” guba ce, kuma ɓarnarta ba ta tsaya ga ƙwari ba.

A shekarar 1977 aka gano cewa sinadarin DBCP ya kashe wa ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya ta Amurka ƙwayoyin haihuwa. A 2023 kuma, nazarin da masanan Jami'ar George Mason suka jagoranta ya nuna alaƙa tsakanin raguwar ƙwayoyin maniyyi da mu'amala da magungunan ƙwari dangin oganofosfet, wato dangin fiya-fiya da muke zubawa a ɗakunan kwana da buhunan wake. Gubar kan shiga jiki ta fata da numfashi.

Wasu na cewa bitamin C da E garkuwa ne. Gaskiya ne gwaji a kan ɓeraye ya nuna suna rage lahanin, kuma cin gwaiba, lemo, zogale, gyaɗa da riɗi alheri ne. Amma ɓera ba mutum ba ne. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2020 bai ga ƙwayoyin bitamin sun kyautata maniyyin mazan da ke fama da matsalar haihuwa ba. Saboda haka kada wani ya ɗauki bitamin a matsayin lasisin yin feshi tsirara.

Abin takaici, idan haihuwa ta yi jinkiri a gidajenmu, mace ake ɗora wa laifi. A kai ta wajen masu magani, a yi mata kishiya, wani lokaci a sake ta, alhali maigida bai taɓa yin gwaji ba.

Muna kira ga hukumar NAFDAC da ta wajabta rubuta gargaɗi da Hausar boko da ajami a jikin kowace kwalba. Malaman gona na KTARDA su koyar da feshi da kayan kariya, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuma ta binciki lafiyar masu feshin da ke maƙwabtaka da ita. Magidanta kuwa su daure su je asibiti tare da iyalinsu. Haihuwa ta Allah ce, amma rigakafi ya fi magani.