Karkarwar hannu ba ta korar malami daga aji

A ƙauyukanmu na Magaria da Dungass, da zarar hannun dattijo ya fara karkarwa, tafiyarsa ta yi nauyi, sai a ce sammu ne ko iskoki. Ni da likita ya tabbatar wa da cutar Parkinson, ina ganin wannan zance yana ƙara mana wahala: kuɗin gero ya ƙare wurin bokaye, zuwa asibitin Damagaram kuma a yi ta jan ƙafa.

Cutar tana tasowa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa. Ba ta warkewa, tana ƙaruwa sannu a hankali, amma maganin levodopa yana sassauta karkarwa da sandarewar jiki shekaru da dama. Ba a ɗaukarta ta musafaha ko cin tuwo kwano ɗaya.

Na karɓi ƙaddara, amma ban ajiye aiki ba. Muhammad Ali ma ya kunna wutar Olamfik a Atlanta a 1996, shekara 12 bayan an gano cutarsa.

Iyaye, ku gaya wa yara gaskiya, su daina yi wa malam dariya. Shugabannin makarantu, ku bar mu a aji: ɗalibi ya riƙe alli, mu yi bayani.