Kwanan Waje Da Yaro: A Fara Daga Kasuwar Litinin

Jama'a, ina so in kawo wata magana gaban malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, ko da yake na san wasu za su ce wasa ce. Maganar kuwa ita ce, ya kamata kowane ɗayanmu, kafin ya karɓi takardar shaidarsa ya shiga aji, ya taɓa ɗaukar yaro su yi 'yar tafiya a ƙasa da kayansu a baya, su dafa abincinsu da kansu, su kwana a waje, gari ya waye su komo gida. Ban faɗi haka don na gwanance ba. Sau ɗaya tak na taɓa yi, kuma kurakuraina a ciki sun fi dacewata yawa. Amma abin da na gane game da halin yaro a daren nan ɗaya, ban same shi ba a littafin da na cika da rubutu zango guda.

Ga yadda aka yi. A hutun watan Disamba na roƙi yayata ta ba ni ɗanta, mai shekara tara. Da kyar ta yarda. Na tafi Kasuwar Litinin da doguwar takarda a hannu, na rubuto kayayyaki irin waɗanda na gani a hotunan Turawa, watau tanti, da jakar barci, da murhun gas, da sauransu. Na tsaya wurin wani dattijo mai sayar da tabarmi, na karanta masa. Ya ce, "Malam, kwana nawa za ku yi?" Na ce, "Ɗaya, Baba." Sai ya yi dariya, ya tuna mini da cewa alhazan dā sun bi ta ƙasar Barno sun nufi Makka a ƙasa, da buzu da gora da sanda. Kunya ta kama ni, na naɗe takardata na sa aljihu.

Abin da na saya ranar nan bai wuce tabarma biyu ba, da gidan sauro, da tamfol, da igiya, da ashana, da tocila, da 'yar tukunya, da buta, da jarkar ruwa. Guzuri kuwa taliya, da ganyen shayi, da sukari, da burodi, da dabino, da ƙuli-ƙuli. Bargo daga gida na ɗauko.

Ba mu shiga daji ba. Wata makarantar firamare mai katanga da maigadi na zaɓa, tafiyar kamar mil biyu daga gida, bayan na nemi izinin hedimasta, na kuma sanar da Bulama. Tun a hanya kuskurena na fari ya bayyana: na labta wa yaron kaya fiye da ƙarfinsa, ga shi kuma na sa masa sabon takalmi, kafin mu kai ya yi masa kanta. Na biyu, mun makara wurin tashi, har magariba ta riske mu muna neman inda za mu ɗaura gidan sauro. Na uku, na manta gishiri. Na huɗu, na raina sanyin hunturu, da asuba ta gabato muka rasa yadda za mu yi da bargo ɗaya.

Duk da haka, sai da yaron nan ya hura wuta da hannunsa, a tsinken ashana na biyar. Sau huɗu hannuna yana ƙaiƙayi in karɓa in yi masa, na daure. Da wutar ta kama, kallon da ya yi mini ban taɓa ganinsa a fuskar yaron da aka ba maki goma bisa goma ba. Can da dare ya raba, karnuka suka dinga haushi, na ji ya matso. Ban ce masa namiji ba ya tsoro ba, gama ni ma zuciyata ba a kwance take sarai ba. Sai na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta a sama, muka yi ta ƙidaya har barci ya kwashe shi. Da safe yana naɗe tabarma ya ce, "Kawu, ashe duhu ba ya cizo."

To, na san abin da masu suka za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko za su ce, a Barno ne za ka fitar da ɗan mutane ya kwana a waje? Gaskiyarsu. Tun daga shekarar 2009 rikici ya mai da dajinmu wurin da mai hankali ba ya kai yaro, har akwai wuraren da aka binne nakiyoyi. Saboda haka ba na kiran kowa ya je daji, ko da bayan gari ne. Filin makaranta mai katanga ya isa, haka gindin darbejiya a harabar kwalejin nan. Shi kansa Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut, da ya tashi gwada dabararsa a watan Agusta na 1907, shekarar da aka kafa garin Yerwa, bai kai yaransa ƙungurmin daji ba. Wani ɗan tsibiri ya zaɓa mai suna Brownsea a kudancin Ingila, da yara 20 kawai, suka yi kamar mako guda. Daga wannan 'yar fita abin ya bazu duniya, har ya iso Nijeriya a 1915. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na biyu za su ce, wannan ai sha'anin masu ƙoshi ne. Ɗan Fulani da almajiri kullum a waje suke kwana, wa ya kira abin ilimi? A nan ma akwai gaskiya, amma ita ce ke ƙarfafa maganata. Yaron ruga ya san icen da ke kama wuta, ya san gabas ko da hazo. Yaron birni da muke shirin koyarwa, wanda ya tashi da famfo da lantarki da wayar hannu, sau da yawa bai san ko ɗaya ba. In makaranta ta koya masa taswirar Afirka, amma ta bar shi bai iya ɗaure kayansa ba, ashe da sauran aiki. Batun kuɗi kuwa, babu abin da na ambata wanda ba a samunsa a Kasuwar Litinin, rabinsu ma suna nan a ɗakin kowace uwa.

Na uku shi ne mafi ciwo. A garin nan, in ka ce sansani, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne gudun hijira. Akwai yara a azuzuwanmu waɗanda suka kwana a waje ba da sonsu ba, irin waɗannan kuwa kada malami ya tilasta musu, kada kuma ya mai da abin da suka gani abin wasa. Amma mu tuna da abin da ya same mu. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Litinin. Aka sāke gina ta, sai kuma ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga kasuwar, ya shiga fadar Shehu da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, dubban iyalai suka wayi gari a bakin titi da abin da hannunsu ya iya ɗauka. Ruwan bai tambayi wanda ya saba kwanan waje ba. A irin wannan rana, yaron da ya san abin da ake fara ɗauka, ya san ruwan da bai tabbata da shi ba sai an tafasa, ya iya ɗaura gidan sauro tsakanin itatuwa biyu, taimako ne ga uwarsa. Gara ya koyi abin nan yana dariya, kusa da babba, da a ce ranar tsoro ce za ta koya masa. Tun ran gini, ran zane.

Ga wanda zai gwada, ga 'yan shawarwari daga wanda ya yi tuntuɓe. A nemi yardar iyaye da ta hukumar wurin tukuna, a kuma tafi manya biyu, kada ɗaya. 'Yan mata kuwa malamai mata su fita da su. A zaɓi lokaci tsakanin Nuwamba da Fabrairu, gama zafin Afrilu a Maiduguri yakan wuce digiri 40, damina kuma sauro. Kayan yaro kada su ɗara kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, ruwa kuwa babba ne zai ɗauka. A sa masa tsohon takalminsa wanda ƙafarsa ta saba da shi. A isa wurin tun da la'asar, a share ƙasa, a nisanci ramuka da tarin duwatsu, da safe a kakkaɓe takalma saboda kunama. In maciji ya sari wani, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a ɗauke shi sai asibiti. In zawo ya kama yaro, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi. Kafin a tashi a kashe wuta da ruwa, a tsince shara, a bar wuri yadda aka same shi.

Shawarar da ta fi duka wuya ita ce, malami ya riƙe hannunsa. Mu masu koyon aikin malanta mun saba da yi wa yaro abu don a gama da wuri. A waje kuwa, in ka ɗaure masa igiya, ka hura masa wuta, ka naɗe masa tabarma, to, kai ne ka yi kwanan waje, shi rakiya ya yi.

Saboda haka ina roƙon shugabannin kwalejin nan su keɓe mana dare ɗaya a zangon hunturu, kowane aji ya gayyato yara kaɗan daga makarantar da muke gwajin koyarwa, da yardar iyayensu, mu kwana da su a filinmu. Wanda ya ga ba haka ba, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto mu ji hujjarsa. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar da za mu kai yaranmu bakin Tafkin Chadi su kwana ba fargaba. Wassalamu.