A Ba Mu Mataccen Injin Nan Na Sito Mu Tayar Da Shi



Duk wanda aka taɓa aika ɗauko tsintsiya a siton makarantar nan ya ga tsohon injin famfon da ke jibge a bayan ƙofa, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi saƙa a kan tankinsa. Tun ina aji ɗaya yake nan, ga shi yanzu ina aji biyar. Ra'ayina shi ne a ba ɗalibai injin nan mu kwance shi, mu gyara, mu ɗora shi a kan 'yar motar tsere da za mu ƙera da hannunmu. Na san wasu sun fara dariya. A ƙarasa karantawa tukuna.

Motar da nake nufi ita ce Turawa ke kira kat. Ba wata abin mamaki ba ce: ƙarafan bututu da aka yi wa walda, tayoyi huɗu, kujera ɗaya dab da ƙasa, sitiyari, birki, sai ƙaramin inji. Wani makaniki mai suna Art Ingels ne ya haɗa ta farko a Kalifoniya ta Amurka a 1956, kuma da injin yankan ciyawa ya yi ta. Lewis Hamilton, wanda ya zama zakaran tseren motoci na duniya sau bakwai, a kan irinta ya fara yana ɗan shekara takwas, mahaifinsa kuma shi ne makanikinsa.

Injin namu na sito ɗan gidan Honda GX200 ne, wato irin wanda China ta kwaikwaya ta cika mana kasuwa da shi. Shi ne dai injin markaɗen da ke tashin mu daga barci a unguwa. Yana da ƙarfin doki shida da rabi, kuma a Amurka har gasa ake shiryawa ta motocin da ke ɗauke da irinsa. Mu muna niƙa tattasai da shi, su suna karɓar kofi.

A darasin fiziks an zana mana yadda inji ke aiki: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, filogi ya ba da wuta, sannan hayaƙi ya fita. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, amma a ajinmu mutum nawa ne suka taɓa riƙe fistan? Na tambaya, uku ne, kuma dukkansu a gareji suka gani, ba a nan ba.

Ga lissafi ma. Injin nan yana juyawa sau 3,600 a minti. In aka sa masa gurbin sarƙa mai haƙora 12, na baya kuma mai haƙora 60, taya za ta juya sau ɗaya duk juyi biyar na inji, wato sau 720 a minti. In kewayen tayar mita ɗaya ne, motar za ta yi kusan kilomita 43 a awa. A ƙara haƙoran baya, gudu ya ragu amma ƙarfin tashi ya ƙaru. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai sake cewa lissafi ba shi da amfani ba.

Sai batun ƙara wa inji ƙarfi, wanda shi ne ke ruɗar samari. Hanyarsa a bayyane take: a buɗe masa numfashi ta wajen matatar iska, a faɗaɗa ramin fetur na kafireta daidai gwargwado, a sa salansar da ba ta riƙe hayaƙi. Amma akwai wani abu a ciki da makanikai ke kira gwamna, shi ke hana injin wuce iyakarsa. Wani yaro a layinmu ya taɓa cire na injin markaɗen gidansu wai don ya ƙara wuta. Ko sati bai yi ba injin ya buga, ƙarfe ya huda cikinsa ya fito, mahaifiyarsa ta yi wata guda ba sana'a. Sa'a ma ya ci, domin faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a gefen injin yana iya tarwatsewa in gudu ya yi yawa, ya ji wa na kusa mummunan rauni. Masu tsere na gaske sai sun canza faifan nan da wasu sassa kafin su taɓa gwamna. Mu ba ruwanmu da shi, a bar shi inda yake.

Na san abin da za a ce. Na farko haɗari, ganin yadda wasan babur da na mota a wajen biki ke karya yara. Gaskiya ne, amma wanda ke wasan nan a titi ba malami a kansa, ba hular kwano, bai kuma san abin da ke cikin injin da yake murɗawa ba. Tamu motar ba za ta fita ƙofar makaranta ba. Na biyu, wasu iyaye za su ce boko suka kawo mu, ba kanikanci ba. To a Kumbotso muke. Masana'antun Challawa da Sharada da injina suke aiki, kuma in inji ya tsaya ba wanda ya iya zana shi a allo ake nema ba. Mubarak Muhammad Abdullahi ɗalibin fiziks ne a Jami'ar Bayero lokacin da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da tarkacen motoci da injin Honda Civic.

Kuɗi kuwa ba mai yawa ba ne. Ƙarafa da sarƙa da tsofaffin tayoyi akwai su a Ƙofar Ruwa, kuma a cikin iyayenmu ba a rasa mai walda.

Roƙonmu ga Malam Shugaban Makaranta abu uku ne: makullin sito, malami ɗaya da zai tsaya a kanmu, da awa ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi. Ko motar ba ta samu a wannan zangon ba, a bari mu ji injin ya tashi. Mai son shiga, mace ko namiji, ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka manna a ƙasan wannan allo.

Daga wani ɗan aji biyar, Ƙungiyar 'Yan Jarida.