BASHIN SHANU DA SABUWAR DOKAR KOTU: MU FARKA



Akwai maganar da ta shafi aljihun kowannenmu, amma ba mu ji ana tattauna ta a kara ba. Ranar 17 ga Oktoba 2023, ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA suka zauna a Kinshasa suka sake fasalin dokar karɓo bashi ta hanyar kotu, wadda aka yi tun 1998. Sabuwar ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024. Chadi na ciki, Kamaru na ciki, haka Nijar. Ke nan doka ɗaya ce ke aiki a Njamena da Kusiri, kuma babbar kotun da ke da maganar ƙarshe a kanta tana Abijan.

To me dokar ta ce? Wanda ke bin ɗan uwansa kuɗin ciniki, adadi sananne, lokacin biya ya yi, yana iya kai takardunsa gaban alƙali ya samo umarnin a biya shi, ba tare da doguwar shari'a ba. Wanda ake bi kuwa, a da yana da kwana 15 ya yi musu bayan takarda ta shiga hannunsa, yanzu an mayar kwana 10. Ɗaukaka ƙara daga kwana 30 ta koma 15. Mu da muke karɓar takarda mu cusa a aljihun riga mu hau mota sai Dourbali ko Massakory, sai a yi hattara. Shiru a nan amincewa ce.

Amma fa inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Mu kuwa yaya muke ciniki? A tafa hannu, dillali ya ce Allah Ya sa albarka, a kora bijimai arba'in a kan kalmar baki. Gaskiya ne dokar kasuwanci ta OHADA ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, amma wannan gajeriyar hanya ta alƙali takardu take so. Dillali kuma mutum ne, yana mantuwa, yana mutuwa, wani lokaci ma yana duba inda la'adarsa ta fi tsoka. Sa'an nan bashin saye da sayarwa tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 ne wa'adinsa. Ka yi ta kawaici har ya wuce, kotu na iya ƙin saurarenka.

Wasu za su ce rubutu rashin yarda ne, kuma zubar da girma ne. Haba jama'a! Duk wanda ya zauna gaban malam ya san ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba Nasara ne suka fara koya mana ba.

Sai dai kada a ruɗe mu. Nijeriya ba ta cikin OHADA. Da zarar shanu sun wuce Fotokol sun shiga Gamboru, umarnin alƙalin Njamena ba ya bin su kai tsaye, alhali can Maiduguri da Ikko mafi yawan kuɗinmu ke maƙalewa. A can fatoma da shugabannin kara su ne madogara, su ma kuwa aikinsu ya fi sauƙi in akwai rubutu. A kuma bayyana da wane kuɗi za a biya. Manyanmu ba su manta Janairun 1994 ba, da aka raba darajar sefa biyu, yaranmu kuma sun ga yadda naira ta zube tun 2023.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a buga takardar ciniki guda, da Faransanci da Larabci da Hausa, a ajiye ta wurin sakatare a kowace kara: sunan mai saye, yawan shanu, kuɗi, ranar biya, shaidu biyu. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko ya dangwala.