Wanne Ya Haifi Wanne?

Akwai wata magana da wasu 'yan boko ke fakewa da ita duk sanda hujja ta matse su: wai ganin abubuwa biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Gaskiya ce, amma an mai da ita garkuwar ƙarya.

Dubi Ronald Fisher, gawurtaccen masanin ƙididdiga na Ingila. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna kusan duk masu sankarar huhu da suka bincika mashaya taba ne. Sai Fisher, mai zuƙar lofe kuma mai ba kamfanonin taba shawara, ya juya zancen: wai ƙila ciwon ne ke fara tsikarar ƙirji har mutum ya nemi sauƙi a sigari, ko kuwa gado ɗaya ke jawo duka biyun. Ka ji fa!

To, mai karatu, kaifin baki ba ya raba wannan gardama. Wanne ya riga? In an cire ɗaya, ɗayan na kauwa? Yanka zakara dai ba ya hana gari wayewa.

Daga 1951 aka bi likitoci maza sama da 34,000 har shekara 50. Wanda ya bar taba yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan duk shekaru 10 da mai ci gaba ke asara. In ciwon ke jawo taba, yaya barinta zai rage mutuwa? Batun gado kuma, an bi tagwaye masu kama ɗaya a Finlan, aka ga galibi mashayin ke riga ɗan'uwansa kushewa.