Duniyar Littattafai: Wa Ya Tura Sumayya Cikin Rijiya?

 A wannan mako filin namu zai waiwayi littafin nan na Ado Ahmad Gidan Dabino, watau In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a Kano cikin shekarar 1991. Littafi ne da ya ratsa ɗakunan amare da jakunkunan 'yan makaranta, aka juya shi zuwa Ingilishi da sunan The Soul of My Heart, daga baya kuma aka mai da shi fim. Ya sha yabo, ya kuma sha suka, kuma yawancin sukar a kan abu guda take, wai yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Ni kuwa a nawa ganin, masu wannan zargi ba su tsaya sun dubi wanda marubucin ya nuna da yatsa ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad, saurayi mai ilmi da natsuwa amma ba shi da abin hannu. Ita ce ma ta fara bayyana masa, abin da ya ɓata wa dattawa da dama rai tun ba su yi nisa da karatu ba. Muhammad bai yi rawar kai ba, sai da ya nuna mata ratar da ke tsakanin gidansu da nasu, domin ya san ƙwarya ƙwarya take bi, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Ana cikin haka sai ga Abdulƙadir, matashin attajiri. Da ya ga bai sami shiga wurin yarinyar ba, sai ya zagaya ta wurin kakarta, ya yi ta kai mata alheri har ya saye zuciyarta. Tsohuwa ta kafe sai shi, ta kuma yi wa ɗanta, mahaifin Sumayya, barazanar baki idan ya saɓa mata. Da Sumayya ta ga ƙofofi duk sun rufe, sai ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta aka ciro ta.

To, a nan ne nake son mai karatu ya dakata. Mutumin da ya fi kowa ban tausayi a littafin nan shi ne mahaifin yarinyar. Ba mugu ba ne, ba kuma kwaɗayi ya ja shi ba, tun da yana da nasa. An dai sa shi ne tsakanin uwar da ta haife shi da 'yar da ya haifa, aka ce ya zaɓa, alhali kuwa babu ɗan Bahaushen da aka yi wa tarbiyya da zai ji uwa ta ambaci tsinuwa gabansa bai faɗi ba. Biyayyar da muke alfahari da ita, ita ce igiyar da Abdulƙadir ya kama ya ɗaure gidan gaba ɗaya, kuma da kuɗi ya sayi bakin igiyar. Wanda ya ce littafin faɗa ne tsakanin soyayya da biyayya bai faɗi duka ba. Kwaɗayi ne ya ari rigar biyayya ya shigo zaure, aka shimfiɗa masa tabarma.

Sa'an nan akwai wani batu da masu suka suka tsallake. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a kowane zauren ilmi a ƙasar Hausa. Amma fa wannan iko na uba ne, an ba shi ne don ya duba maslahar yarinyar, kuma mace ba ta walicci a wannan mazhaba, balle kaka. Ashe ke nan tsohuwar nan ta ɗauki abin da shari'a ba ta ba ta ba, ta yi amfani da abin da al'ada ta ba ta. Gidaje nawa ne a yau mai yanke maganar aure ba shi ne wanda zai amsa tambaya a kanta gobe kiyama ba?

Duk da haka ina da ƙorafi biyu a kan marubucin. Na farko, ya sauƙaƙa wa kansa aiki da ya sa asirin Abdulƙadir ya tonu a ƙarshe, aka gane dukiyarsa ba ta halal ba ce. Mai karatu sai ya yi ajiyar zuciya ya ce ai ga shi nan, Sumayya ta yi gaskiya. To, da attajirin nan mutumin kirki ne fa, mai salla a kan lokaci, mai fid da zakka, da sai a ce ƙin da ta yi masa ba shi da hujja? A rayuwa ta zahiri yawancin mazan da ake tilasta wa 'yan mata ba ɓarayi ba ne, ba sa dai cikin zuciyar yarinyar ne kurum, kuma wannan kaɗai ya isa a saurare ta. Littafin ya zo bakin wannan tambaya ya juya.

Na biyu shi ne rijiyar kanta. Kisan kai haramun ne, babu ja a kai, kuma labarin da zai sa yarinya ta yi yunƙurinsa sa'an nan ta tsira ta auri masoyinta yana iya sa wata mai ƙarancin shekaru ta ɗauka hanya ce. A nan masu suka suna da abin faɗa. Inda na rabu da su shi ne maganin da suka zaɓa. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Takarda ta ƙone, amma auren dole ya girmi injin ɗab'i a ƙasar nan, kuma ba a taɓa jin an kira kakanni taro an yi musu nasiha a kan karɓar kayan masu neman jikokinsu ba.

Ba Ado Ahmad ne ya fara taɓo wannan gyambo ba. Tun a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, inda wata 'yar Fulani ta tsaya a kan auren wanda danginta suke gani bare ne. Shi za mu duba a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.