Masu Sayar Wa 'Ya'yanmu Yunwa

A watan Afrilun 2015 wani kamfanin sayar da kayan rage ƙiba mai suna Protein World ya lulluɓe tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da wani talla ruwan ɗorawa. Hoton wata siririyar budurwa ne cikin kayan ninƙaya, sai tambaya da manyan baƙaƙe, wai ko jikinki ya isa a kai shi bakin teku. Matan Landan ba su ƙyale ba. Dubun dubata suka sa hannu a takardar koke, wasu suka bi allunan da alƙalami suna mayar da martani a kai. Da shekara ta zagayo, sabon magajin garin, Sadiq Khan, wanda shi ma uban 'yan mata biyu ne, ya hana kafa irin wannan talla a motocin haya da jiragen birnin. An sauke alluna, amma tambayar ta riga ta shige cikin waya. Ta iso Legas, ta iso Accra, ta iso har Kano da Damagaram inda ko ƙamshin teku ba a ji.

Na ga inda ta kai da idona. Cikin kwanakin Babbar Sallah muka kwashi yara muka nufi bakin teku a Lekki, yadda iyalai daga Agege da Idi-Araba suka saba idan an samu hutu. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, aka buɗe kuloli: masa, soyayyen naman layya, dambu, ga yaji a ƙulle. Kowa ya sa hannu ban da ɗiyar wana, ɗalibar jami'a, wadda ta koma can gefe rungume da gorar ruwa da aka yayyanka kokwamba a ciki. Rana na duka, mu duk mun jiƙe da gumi, ita kuwa ta ja mayafi ta ƙudundune wai sanyi take ji. Idonta na bin kowace loma tun daga faranti har bakin ƙaninta. Na tsoma masa a miya na miƙa mata.

"Gwaggo, wallahi na ƙoshi."

"Me kika ci da har kika ƙoshi?"

"Na sha shayi da safe."

Hannun da ta ɗaga ta tare ni yana karkarwa. Can ta duba agogon nan mai ƙirga taku, ta ce bari ta ɗan zaga, na yau bai cika ba. Da ta miƙe sai da ta riƙe sandar rumfa har jirin ya sake ta, sannan ta faɗa cikin yashi. Duk wanda ya taɓa tafiya a yashin teku ya san yadda yake cin ƙafa, kuma masu nazarin motsin jiki sun auna, ƙarfin da ake kashewa ya haura ninki biyu na tafiya a kan ƙasa mai tauri. Daga baya uwarta ta ƙarasa mini sauran: zuwa wurin motsa jiki (jim) safe da yamma, an yi hannun riga da tuwo da shinkafa, gashi na cika mataji, al'ada ta ɗauke watanni. Ta ce ita ma da farko murna take yi, don duk gidan da suka shiga sai an yaba.

Wannan yarinya har abada ba za ta sa kayan ninƙaya a bainar jama'a ba. Da abaya ta zo, da abaya ta koma. Amma tambayar nan ta cim mata har cikin abayar, domin akwai hoton da za a ɗora, akwai ƙawaye masu sharhi, akwai ankon biki da tela zai matse a ƙugu. Abin da yake ƙona mini rai shi ne an koya mata cewa yunwar da take ji nasara ce. Cikinta na kuka tana ganin ta ci gasa. An ce mata wannan juriya ce, kamun kai ne, kula da lafiya ne, alhali kuwa yunwa ce tsagwaronta, irin wadda idan aka gan ta a sansanin 'yan gudun hijira sai a kira agaji.

Kuma ba a jahilci abin da yunwa ke yi wa mutum ba. A ƙarshen 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys, ya tara samari 36 lafiyayyu, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu amma suka yarda a gwada yunwa a jikinsu, don a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya tagayyara. Da farko ana ba su kalori wajen 3,200 a rana. Sai aka raba shi kusan biyu, ya koma wajen 1,570, har tsawon wata shida, kuma dole kowa ya taka kusan kilomita 35 a mako. Ƙarancin ci da yawan motsi ke nan, daidai abin da ake tallata wa 'ya'yanmu yau. Samarin nan sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya yi ƙasa sosai. Suka riƙa jin sanyi a tsakiyar lokacin zafi, suna neman ƙarin bargo. Sha'awa ta mutu, saurin fushi da ƙuncin rai suka maye gurbinta. Hankalinsu kaf ya tattara a kan abinci: ƙartin maza suna tara littattafan girki, suna zura wa masu ci ido, suna lashe faranti, suna jan ɗan abincin da aka ba su na tsawon lokaci don kada ya ƙare. Da aka fara mayar musu da abinci, wasu suka kasa tsayawa, su ci har ciki ya ɗaure amma yunwar na nan. Ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari. An wallafa sakamakon tun 1950.

A dubi lissafin nan da kyau. Kalori 1,570 ne ya mayar da lafiyayyun maza haka. Yau ki buɗe waya, ga wata ta ɗora jadawalin kalori 1,200, ta haɗa da gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe, tana karɓar kuɗin rajista. Na san jikin mace sau da yawa bai kai na namiji buƙata ba, amma budurwar da ke zuwa makaranta, ta yi aikin gida, ta je jim sau biyu, a ce ta rayu a kan wannan, zalunci ne.

Jiki ba ya zama ya zuba ido. Idan abin da ke shiga bai kai wanda ake ƙonawa ba, sai ya yi irin dabarar uwargidan da cefane ya yanke mata, ya fara soke duk abin da za a iya kwana babu shi. Ya rage ɗumi, shi ne sanyin nan a cikin rana. Ya rage gudun zuciya. Ya daina ciyar da gashi. Sannan ƙwaƙwalwa ta dakatar da sinadaran da ke sa ƙwai ya fita, al'ada ta ɗauke, sinadarin isturojin ya faɗi, ƙashi ya fara sakwarkwacewa. Wannan na ƙarshen ya fi tayar mini da hankali, domin ƙarfin ƙashi ana tara shi ne tun daga balaga zuwa kafin shekara 30, kuma abin da aka rasa a wannan tsakanin da wuya a mayar da shi duka. Likitocin wasanni a Amurka sun yi gargaɗi a kan wannan tun 1992. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin, ya ce matsalar ƙarancin kuzarin nan tana taɓa zuciya da hanji da garkuwar jiki da tunani, kuma ba ta ƙyale maza ba. Samarin da ke tsaye gaban madubin jim suna ƙirga layukan ciki su ji da kyau.

Wanda ke ganin rama ita ce ke kawo ƙwazo ya nemi labarin Mary Cain. Tana da shekara 17 a 2013 ta kai zagayen ƙarshe na tseren mita 1,500 a gasar duniya da aka yi a Mosko, ta shiga sansanin horo na Nike a Oregon ƙarƙashin Alberto Salazar. A watan Nuwamban 2019 ta fito a jaridar New York Times ta ce an yi ta matsa mata ta rame, ta ƙara ramewa, har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye, ta kai ga tunanin kashe kanta. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zargin. Abin da ba wanda ya musanta shi ne yarinyar da ta fi sa'o'inta gudu a Amurka ta ɓace daga fage tun ba ta je ko'ina ba. Idan haka ta faru a wurin da ke da kuɗi da likitoci, ina ga ɗiyar talaka a hannun wani da ya kalli bidiyo ya sayi wando ya kira kansa koci? Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma shi kocin nan cewa yake ki zo da safe ba ki karya ba don kitse ya fi saurin narkewa.

Za a ce wannan ciwon Turawa ne, mu nan cikar jiki muke so. Mutanen Fiji ma haka suke cewa. A tsibiran nan na Tekun Fasifik, mace mai jiki ita ce kyakkyawa, wanda ya rame kuwa jajanta masa ake yi. A 1995 talabijin ya isa lardin Nadroga ɗauke da finafinan Amurka. Wata likita daga Harvard, Anne Becker, ta bi 'yan matan makaranta a wannan shekarar, ba ta samu mai jawo wa kanta amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, wajen 11 cikin 100 suna yi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu suna ganin sun yi ƙiba da yawa. Shekara uku kacal, da akwatin talabijin ɗaya a falo. Mu kuwa akwatin yana ƙarƙashin matashin kowace yarinya. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kamfanin da kansa ya gano cewa kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Sun sani, suka ci gaba da kasuwa.

Namu 'yan kasuwar kuma ba kunya gare su ba. Shafin da jiya yake tura ƙwayar sha-ka-fashe da maganin ƙarin mazaunai, shi ne yau yake tura shayin shafe tumbi da ɗamarar matse ciki. Su ba ruwansu da ko ki kumbura ko ki bushe, muddin ba ki gamsu da jikinki ba. Yawancin shayin nan abin da ke aiki a ciki filasko ne, wanda kakanninmu suka sani da wanke ciki. Zawo yake sa ki, ruwa ya fita, sikeli ya sauka, ki zaci kitse ne, alhali gishirin jikin da zuciya ke bugawa da shi ne kike zubarwa. Wasu ma ana samun sibutramin a ɓoye a cikinsu, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ina kira ga NAFDAC da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON su bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, su kuma kama taurarin da ke karɓar kuɗi su riƙe kofi suna murmushi.

Kada wani ya juya mini magana. Ciwon suga da hawan jini suna cin mutanenmu, zaman wuri ɗaya na kashewa, kuma akwai wanda likita ya ce lallai ya rage nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. A mako aka ce. Babu inda aka ce awa uku kullum a kan kofin shayi. Addininmu ma da ya farlanta azumi ya sunnanta sahur, ya ce a gaggauta buɗa-baki, ya hana haɗa kwanaki ba ci. Da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare kullum, Manzon Allah (SAW) hana shi ya yi, ya tuna masa haƙƙin jikinsa. Idan ba a yarda a azabtar da jiki don ibada ba, don hoto ne za a yarda?

Laifi mafi kusa kuwa namu ne, mu iyaye da gwaggwanni da ƙawayen uwa. Mu ne muke tarar yarinya a gidan suna mu ce, "Ke wance, wannan ƙiba haka, wa zai aure ki?" Mu ne kuma idan ta dawo ƙashin wuya a waje muke cewa, "Ma sha Allah, kin yi kyau, me kike sha?" Ba ma tambaya ko tana barci, ko tana ganin al'ada, ko yaushe rabon da ta zauna ta ci tuwo da 'yan uwanta ba tare da lissafi a ka ba. Cutar ƙin cin abinci tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma takan fara ne ana tafa wa mai ita.

Uwar da 'yarta ta yi wata uku ba al'ada, ga sanyi, ga jiri, ga kuka idan an hana ta fita gudu, ta kai ta asibiti a makon nan. A gaya wa likita gaskiyar abin da take ci da awannin da take yi a jim, in ba haka ba za a yi ta gwajin ciki da taifod da maleriya a banza. Kada a yarda a rufe maganar da ƙwayar tsarin iyali don jini ya dawo, domin jinin zai zo amma ƙashi na ci gaba da lalacewa. Abin da ake buƙata ƙarin abinci ne da rage motsi, da wanda zai saurari abin da ke damunta. Idan kuma ramar ta yi nisa, a mayar da abincin sannu a hankali a gaban likita, saboda ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa abinci farat ɗaya yana iya tsayar masa da zuciya.